Iskar da Ta Shiga Yatsan Yayana

Ni na kai injin nan rumfar yayana, a bayan babur, ɗaure da igiyar roba. Wannan nake fara faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, don har yau a Jega akwai masu cewa wai shi ya aiko a kawo masa ya gani. Ƙarya ce, bai aiko ba. Ni na ɗauka da hannuna na kai masa.

Ina koyarwa a firamare a Maiyama, kuma ina da 'yar gonar shinkafa wajen Kuberi. Da na sayi bindigar iska na ce wa mutane saboda kurciyoyi da gafiya ne, masu yi min ɓarna. To, akwai wannan, amma gaskiyar magana sha'awa ce kawai ta kama ni. Bindigar ba ta amfani da albarushi. Wata kwalbar ƙarfe ce a ƙarƙashin bakinta, a cika ta da iska, iskar ta riƙa tura 'yar ƙwayar dalma. Da farko da famfon hannu nake cika ta, mai kama da na keke, sai dai kafin allurar geji mai nuna ƙarfin iska ta kai inda ake so bayana ya riƙe, gumi ya jiƙa ni har wando. Wata uku na yi ina wannan azaba, sannan na haƙura na sayi inji a wurin wani ɗan kasuwa a Jega.

Injin bai fi ƙaramin janareto girma ba, amma yana da ka'idodi. Mutumin ya zaunar da ni ya lissafa min su. Dole bokitin ruwan sanyi ya kasance a gefe, ruwan yana zagaya kan injin don kada ya ƙone. Dole in duba mai kafin in kunna. Ana cikin bugu in riƙa sassauta wani ƙaramin noti ya fesar da ruwan da ya taru. Sannan akwai wani bututu tsakanin inji da tiyo, cike da auduga, ita ke tare mai da datti kada su bi iska. In ta yi baƙi a jefar a sa sabuwa. Da zan tafi ya kama hannun rigata ya ce, “Malam, iskar wanga abu ta ninka ta tayar mota kusan sau ɗari. In ka ji tana tsiyaya, kar ka kai hannu wurin. Kashe, ka saki iskar, sannan ka duba.”

Na kiyaye, wallahi na kiyaye, kamar wata biyar. Ruwa da mai ban taɓa wasa da su ba. Audugar ce ta ƙare. Sai na zaro tsohuwar, na ga ta yi baƙi ƙirin, na matse ta, na shanya a kan katanga, na mayar. Na yi haka sau biyu. Daga nan ma na daina buɗe bututun, tunda bindiga na harbi lafiya lau, me zai dame ni?

Sai wata rana allura ta hau rabi ta tsaya cak. Inji na ta ruri, ruwan bokiti ya yi zafi, ita kuwa ko motsi. Ina jin wani siririn huci amma na rasa daga ina yake fita. Ranar Asabar na ɗaure shi a babur na nufi Jega.

Yayana ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da aikin facin taya ya kai ni makaranta har na zama abin da na zama. Rumfarsa na bakin hanya kusa da tasha, fiye da shekara talatin yana wurin. Direbobin manyan motoci masu jigilar albasa daga Aliero sukan wuce masu faci biyar su tsaya a wurinsa. Kuma duk sana'ar tasa a babban yatsansa na dama take. Yatsa ne faffaɗa, mai kauri, fatarsa ta yi kanta har allura ba ta shiga da sauƙi. Da shi yake danna taya ya faɗi ko ta sha iska, da shi yake murza faci ya kama, da shi yake riƙe liba, ƙarfen da ake ɓanɓare taya da shi. In ya gama buga taya kuwa, sai ya kai yatsan baki ya shafo miyau, ya ɗora a kan bawul, in ya yi kumfa to akwai tsiyaya. Duk mai faci haka yake yi, shi kam ko tunani ba ya yi, hannun ne ke tafiya da kansa.

Na tarar da direbobi uku a kan benci suna jiran aiki. Yaya ya zagaya injin yana kallo, ya ɗaga tiyon, ya yi murmushi.

“Wanga ɗan abu na ya gagare ka?”

Na ce, “Yaya, a bi shi a hankali. Iskarshi ba irin ta taya ba ce.”

Ya dube ni, ya dubi direbobin. “Kun ji Malam. Malam, kai dai ka koya ma yara baƙi, ka bar min iska. Tun kana tsotson hannu nike bugun iska.”

Suka kwashe da dariya, har ɗaya yana buga cinya. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, abu kaɗan ke tunzura ni, kowa a gidanmu ya sani. Kunnuwana suka yi zafi. Na ja baya na harɗe hannu.

Ya tayar da janareto, na zuba ruwa a bokiti, aka toshe bakin tiyo, aka kunna. Allura ta fara hawa. Yaya ya durƙusa ya karkata kunne yana bin tiyon daga sama zuwa ƙasa, har ya tsaya kusa da inda roba ta haɗu da ƙarfe. Sai na ga ya kai yatsa baki.

A nan ne ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na gani, na san abin da zai yi, kuma akwai lokaci. Kalma ɗaya ta isa, ko in miƙa ƙafa in kashe injin, makunnin bai fi taku ɗaya daga inda nake ba. Ba kunya ce ta hana ni ba, ba kuma girmama na gaba ba ne, ko da yake daga baya na so in fake da hakan. Haushi ne. A raina na ce, to je ka gani, masanin iska. Na ɗauka za ta ɗan tsunkule shi ne ya zabura, direbobin nan su mayar da dariyar kansa.

Ƙarar ma ba wata babba ba ce. Tas! Ya fizge hannu ya yarfe, ya ce, “Ash! Ɗan banza, ashe shina cizo.” Aka yi dariya, har da ni. Na kashe injin na saki iska. Muka duba yatsan, ɗigo ɗaya ne kamar sukar allura, ko jini babu. Ya nuna min hujin tiyon, siriri kamar gashi, ya ce in nemi sabo. Ya koma ya yi wa direbobin nan facinsu. Na koma Maiyama har da 'yar waƙata a kan babur, ina jin na rama.

Washegari da safe matar Yaya ta bugo waya. Ba ta ko gaishe ni ba.

“Baban yara, taho ka ga hannun yayanka.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Yana zaune a zaure ya ɗora hannun a kan gwiwa. Hannun ya kumbura har ya wuce wuyan hannu, yatsun sun rarrabu sun miƙe, fatar tana ƙyalli. Babban yatsan kuwa ya yi fari-fari, launin toka, kamar ba na mai rai ba. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga, na kasa sallama. Mutumin da ban taɓa jin ya ce wash ba, ko ranar da gefen ƙarfen taya ya tsaga masa ƙafa, shi ne yake cije leɓe gumi na zuba daga gemunsa.

Maƙwabcinsa mahauci ne, yana wurin. Ya durƙusa ya danna bayan hannun a hankali. Na ji da kunnena, wani ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata. Mahaucin ya janye hannu da sauri ya goge a riga.

“La'ilaha illallahu! Wanga ai iska ta. Haka akuya ka yi in munka hura ta za mu feɗe.”

Na fita waje na dafa bango.

A wajenmu in hannu ko ƙafa ta sami matsala, Aliero ake nufa, wurin masu ɗori, ba a ma shawara. Yaya ya ce tiyo ne ya buge shi, ƙila targaɗe ne. Matarsa ta yarda, mahaucin ya ce a gwada. Ni da na yi boko, ni da aka kama wa riga aka gargaɗa, na buɗe baki na ce, “To mu je.” Ina tsoron asibiti ne, don na san a can za a yi tambayoyi, kuma amsar tana wurina.

Muka tarar da layi. Masu karaya daga ko'ina, wasu a kan tabarma, wasu a bayan mota. Tun hantsi muke zaune sai bayan azahar aka zo kanmu, ina kallon kumburin yana hawa zuwa dantse. Mai ɗorin dattijo ne, ba ya yawan magana. Ya karɓi hannun ya bi ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ya saurari ƙarar nan, ya juya yatsan ya sami ɗigon. Sai ya matse gefen ɗigon. Yaya ya yi wata ƙara da har yanzu nake ji. Wani baƙin ruwa ya ɓullo, ɗigo ɗaya. Dattijon ya lakata ya kai hanci.

“Mai na. Man inji.” Ya ɗago ya dube mu. “Ƙashi lahiya lau. Wanga ba aikina na ba, in na taɓa shi na cuce ku. Ku tai asibiti yanzun ga, kar ku biya gida.”

Man inji. Audugar nan da na shanya a katanga ita ta faɗo min a rai, ban ce wa kowa komai ba.

Muka yi shatar mota zuwa Birnin Kebbi. Likitar da ta duba shi mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Tana ganin hannun fuskarta ta canza. Ta tambayi yaushe abin ya faru, na ce jiya da hantsi.

“Jiya?” Ta ajiye biro. “Jiya da hantsi, sai yanzu?”

Na sunkuyar da kai. Ta fitar da ni baranda ta ce in gaya mata irin injin, da abin da ke cikin iskarsa. Na gaya mata duka, har da audugar. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in iska ce zalla, sau da yawa jiki yakan shanye ta, kumburi ya sauka. Amma wannan ta shiga da mai da ruwan datti, ta tura su ta hanyar jijiya har cikin tafin hannu, kuma sun kwana sun yini suna cin nama. Za su tsaga su wanke. Hannun za su yi ƙoƙari a kansa, yatsan kuwa ba ta yi min alkawari ba.

Suka tsaga shi tun daga kan yatsa har wuyan hannu, suka bar shi a buɗe suna wankewa kullum. Ranar da na fara ganin an kwance bandejin sai da na zauna a ƙasa. Ɗigon da ko jini bai yi ba, wai shi ne wannan? Kwana huɗu ina zuwa da safe in leƙa yatsan, ina roƙon Allah ya sa in ga ja. Toka ta koma shuɗi, shuɗi ya koma baƙi, ya fara wari. Rana ta biyar likitar ta zo da takarda. Ta ce in ba a cire shi ba zai ja sauran.

Yaya ya daɗe yana kallon yatsan. Ya tambaye ta ko za a iya barin rabi, ko guntu ne, abin da zai tokare liba da shi. Ta ce a'a, daga tushe ne. Ya gyaɗa kai. Ta miƙa masa biro, ya dubi hannunsa, ya dube ni.

“Malam, kai ka iya rubutu. Sa hannu.”

Ni na sa hannu aka yanke yatsan yayana. Sa hannun ma bai yi kama da nawa ba.

Bayan aikin da kwana biyu na kasa riƙewa. Matarsa ta fita ɗebo ruwa, na matsa kusa da gadon na faɗa masa. Na faɗi zancen auduga. Na faɗi gargaɗin ɗan kasuwa. Na faɗi cewa na ga ya kai yatsa baki, na san abin da zai biyo baya, na yi shiru don dariyar direbobi ta ƙona min rai. Na so ya zage ni, ya ɗaga hagun ya wanke ni da mari, da na ji sauƙi. Ya saurara har na gama, idonsa na kan rufi.

“Na ji,” ya ce. Ya juya fuska bango.

Shi ke nan. Daga ranar in na gaishe shi ya amsa, in na kawo fura ya sha, amma ko sau ɗaya bai kira ni ba, bai dube ni ido da ido ba. Har aka sallame shi haka muke.

Da na koma Maiyama na sa sifana na kwance bututun nan. Abin da ya zubo ba auduga ba ce, wani baƙin taɓo ne mai wari, haɗe da ruwan tsatsa, ya cika min tafi. Na tsaya ina kallonsa a tsakar gida har matata ta tambaye ni ko lafiya. Wata biyu ina tura wannan ƙazanta cikin bindigata ina murna. Na wanke injin, na sa sabon tiyo da sabuwar auduga, na rufe shi da buhu a bayan ƙofa. Wasu sun zo neman aro, na ce ya lalace.

Sai da aka yi mako bakwai kafin a kwance bandeji gaba ɗaya. Duk tsawon lokacin kunu da fura yake sha, sai ɗan abin da matarsa za ta ba shi a cikin ɗaki. Rumfa a rufe, direbobi na wucewa suna tsayawa gaba. Ranar da aka kwance, Juma'a ce, na je Jega bayan an sauko daga masallaci. A gidan Yaya ran Juma'a maza a zaure suke cin abinci tare, shi da mahaucin da wasu maƙwabta biyu. Ya ce a shimfiɗa tabarma, yau zai fito.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Aka wanke hannu, aka yi bisimilla. Yaya ya miƙa dama, yatsu huɗu da wani dogon tabo, ya yanko tuwo. Ya zo zai dunƙula, babu abin da zai tokare, tuwon ya zame ya faɗa cikin miya, har ta fantsal masa a riga. Ya sake. Ya sake zamewa. Na uku ya matse shi a tafi, ya kai rabin hanya, ya ɓare ya zube a tabarma. Mahaucin ya ƙura wa bango ido, sauran kowa ya duƙufa a kan gabansa. Duk tunanina a kan liba da faci yake, ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa mutumin nan ba zai iya cin tuwo ba.

Matarsa tana leƙe ta labule, ta miƙo cokali. Ya dube shi ya kawar da kai.

“Mai da shi. Ni ba jinjiri na ba.”

Ya zauna hannu a kan gwiwa, miya na ɗiga daga yatsunsa. Da hagu ba zai ci ba a gaban mutane, na san shi, gara ya kwana da yunwa. Can sai ya sa bayan hannu ya turo kwanon gabana. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun asibiti.

“Malam, yanko min.”

Na yanko. Na dunƙula, na lotsa tsakiya da babban yatsana, na dangwalo miya, na ɗora masa a kan yatsun nan huɗu. Ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye. Hawaye na zuba min a gemu, na kasa sharewa, hannuna duk miya.

“Lomarka ta cika girma,” ya ce. “Rage.”

Na rage. Na yanko ta biyu, ya miƙo hannu.